Rukayya da Wasiyyar da Ta Yi Gaggawa

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mini Rukayya ba. Ina shekarata ta huɗu a aikin ungozoma, wadda a nan muke ce wa daya, a ƙaramin asibitin wani ƙauye kusa da Mai Wurno. Daga ni sai mataimakin likita. Ƙa'idar aikin ita ce, abin da ya fi ƙarfinmu mu rubuta takarda a kai babban asibitin Sinnar.

Laifin nawa ne. Ranar Asabar na tara matan ƙauye na yi musu bayanin saratan, wato kansar nono, na ce duk wadda ta ji ƙululu ta zo a duba. Ashe 'yan mata na laɓe a bayan taga.

Ranar Talata sai ga shugabar makarantar 'yan mata, Ustaza Halima, riƙe da hannun yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, kakar yarinyar na biye. Kwana uku Rukayya ba ta ci abin kirki ba. Ta ji wani tauri mai zafi a ƙirjinta na hagu, na dama babu komai, sai ta yanke cewa kwananta ya ƙare. Ta ba ƙanwarta takalmin salla, ta ba ƙawarta 'yar akuyarta, sannan ta shiga neman gafara.

Ustaza ta ce, "Da safe ta shigo ofis tana kuka. Wai ita ta cusa tsumma a ƙararrawar makaranta, ita ta zuba barkono a shayin malamin lissafi. Wata biyu ina neman mai wannan aiki."

Kakar ta ce, "Ni kuma ashe ita ke shanye madarar da nake dukan kyanwa a kai. Ki duba ta, 'yata, in ba haka ba gobe a yi mata sakiya."

Na sa Ustaza ta jira a waje, na wanke hannu, na duba Rukayya a gaban kakarta. Ba ja, ba kumburi, ba ruwa. Ƙirgar dangi ce kawai.

Na ce, "Rukayya, girma ne ya zo. Haka yake farawa, kuma sau da yawa nono ɗaya kan riga ɗaya. Kada a matsa, kada a kai masa wuta. Da wuya saratan ya kama sa'arki."

Ta ce mini, "Inna, ke nan ba zan mutu ba?"

"Ba da wannan ba."

Ta yi ajiyar zuciya, ta share hawaye. Can ta kalli ƙofa, ta matso, ta rage murya. "Inna, ba za ki gaya wa Ustaza ciwon na taɓa hankali ba? Wai mutum ya riƙa faɗin abin da bai yi ba."

Na ce wannan ba ya cikin abin da aka koya mini. Ta ci sa'a dai, Ustaza ta riga ta yafe mata a gaban malamai, ba damar janyewa. Ƙawar ce ta ƙi maido da akuya, ta ce kyauta kyauta ce, sai da kakar ta je da kanta.

Mako na gaba na shiga ajinsu na yi bayanin da ya dace da shekarunsu. Da na tambayi wa ya taɓa jin irin wannan tsoro, kusan rabin ajin suka ɗaga hannu, kowace tana zaton ita kaɗai ce.

Ku da kuka fara aikin ungozoma yanzu, ku sani duk maganar da kuka yi wa iyaye, yara ma sun ji, amma rabi suka ji. Ku kai musu sauran da kanku, kafin su fara rabon gado.