Tsuneo, Ka Tafi Ka Bar Ni da Duron Giya

Ranar Talata, tara ga Disamba, da hantsi, Fumie ta bugo min waya ta ce mijinta Onodera Tsuneo ya faɗi a bakin tukunyar dahuwar giyarsa, bai sake tashi ba. Ina tsaye a kan tsani ina sauke kanyar da na shanya masa. Har yanzu rabinta na rataye.

Tsune, ban yi karatu ba, ka fi kowa sani, kai ke karanta min takardar asibiti. Amma wannan da hannuna na rubuta, kowa ya yi haƙuri da shi.

Lokacin da ka buɗe 'yar masana'antarka a tsohon rumbun shinkafa, ƙauyen nan dariya ya yi maka. Ni ma na yi. Ka zo gonata ka tarar kanya na ruɓewa a ƙasa domin babu mai saye, ka ce, "Tsohon banza, shanya min ita, zan zuba a giyar hunturu." Na ce ka haukace. Ga shi yau daga birnin Sendai ake hawo mota cikin ƙanƙara saboda baƙar giyar nan mai zaƙi-zaƙi. Wasu sun fi son ta citta da ake yi a bakin teku. Su dai suka sani.

Shekarar da matata ta rasu, kullum sai ka share min ƙanƙarar ƙofa kafin in tashi, ka ce wai hanya ce ta biyo da kai. Alhali gidanka yana wancan ƙetaren kogi.

Kai kaɗai ne ba ka taɓa ce min in manta da maganar bishiya ba. Chiba Kanji, shugaban masu kula da ɗakin bautar kan dutse, shi ya sa aka sare bishiyar da mahaifina ya dasa don a samu wurin ajiye motoci. A gaban jama'a na rantse ƙafata ba za ta sake taka matakalar ɗakin bautar nan ba sai ya ba ni haƙuri. Bai bayar ba, ni kuma ban hau ba. Bikin sabuwar shekara daga tagar ɗakina nake jin kiɗansa.

To ga inda ka jefa ni. Duron farko na giyar hunturu sai an kai shi ɗakin bauta ranar ɗaya ga Janairu kafin a buɗe sauran, kai ka kafa wannan. Iyalinka suna cikin makoki, a al'adarmu ba su da ikon shiga wurin. Fumie ta zo ta durƙusa a ƙofata, ta kira sunana cikin girmamawa.

"Tome-san, in ba kai ba wa? Kanyarka ce a ciki."

Na ce, "A sa ma'aikata mana."

Ta ce, "Ya sha faɗa min, in ya riga ka rasuwa, kai za ka ɗauka. Cewa ya yi, 'Zai yi ta masifa, ki ƙyale shi, zai je.'"

Ka kuwa san a jikin sanda ake rataye duron, mutum biyu ke ɗauka, ɗaya gefen kuma na shugaba ne. Na Chiba. In na ƙi, giyarka ta ƙarshe ta lalace a rufe. In na je, ƙauye ya ga na lashe rantsuwata ba tare da an ba ni haƙuri ba. Kai kuma ka kwanta inda ba zan iya yi maka gardama ba.

Zan je. Na aika wa Chiba cewa ni ne a baya. Na san a hawa nauyin duk a kan na baya yake sauka, kuma ka san halin ƙuguna. Gara haka da ya riƙa kallon ƙeyata.

Ina roƙon a yi maka rahama, a haskaka maka hanya, a sada ka da iyayenka cikin salama. Fumie, da 'yarku Sanae, da ma'aikatansa, ina yi muku ta'aziyya, haƙuri ya sauka a gidanku. Ni ma ku roƙa min, domin matakalar nan doguwa ce.

Oikawa Tomeji