Tururuwar Gwaggo

Tururuwa ce fa ta kusa hana ɗana shan nono.

Ranar da na haihu, ina kwance a ɗakina a Takur, jariri sai canyara kuka yake. Gwaggo, yayar babana da ta zo daga Miga don ta kula da ni, ta tatsi nonona a ludayi ta jefa tururuwa ciki. Wai in ta fito da rai, nono lafiyayye ne.

Nonon farko kuwa, dakashi, kauri gare shi da danƙo. Tururuwar, baiwar Allah, ta ɗan yi mutsu-mutsu, ta ce ga garinku nan.

Gwaggo ta ce, "Kin gani ko? Mugun nono ne. A ba shi ruwa har na kirki ya zo."

Na ce, "Gwaggo, a asibiti an ce dakashin nan shi yake shafe hanjin jariri, ya tare ƙwayoyin cuta, ya hana gudawa. Ruwan randa ne yake kai su ciki."

"Su asibitin sun gwada da tururuwa?"

"Gwaggo, ko a zumar da kike sha aka jefa ta, ai ba za ta fito ba."

Na ɗauki ɗana na sa masa nono, ya kama.

Can Gwaggo ta leƙa ludayin ta ce, "Da ma tun da na kamo ta na ga ba ta da lafiya."

Jama'a, ku a gidanku wane ƙwaro ne likita?