Kauci a Ƙofar Kicin

Jiya a kasuwar Ataba, nan Alƙahira, ina sauke wa wani ɗan kasuwar Jos kwalaye, sai ɗaya ya fashe. Abin da ya zubo ƙwallaye ne na ganyen roba, kore shar da fararen 'ya'ya, kowanne da jan ƙyalle, irin wanda Kiristoci ke ratayawa a Kirsimeti. Yaran shagon suna tsincewa suna dariya. Ni kuwa na ja da baya, na kasa taɓa ko ɗaya. Ƙato da furfura a gemu, ganyen roba ya hana ni aiki. Bari in gaya maka dalili, ko da yake faɗin ba zai gyara komai ba.

Babana kuku ne a gidan wani babban ma'aikacin ofishin jakadancinmu a nan Alƙahira, Kirista ɗan kudu. Muna zaune a ɗakunan baya, kusa da famfon lambu. Ka riƙe wannan da kyau: iƙamarmu, wato takardar zama a ƙasar, a kan aikin nan take. Makarantata ma haka, don Oga ne ya sa baki aka ɗauke ni inda 'ya'yansa ke karatu. In aikin ya tafi, komai ya bi shi. Tun ina ƙarami na san haka, saboda ko cokali ya faɗi a babban gida sai innata ta daina abin da take yi ta kasa kunne.

A sanyin wata shekara, dab da Kirsimeti, aka kawo kakata, mahaifiyar babana, don a cire mata yanar ido. Sanyin Masar na shiga ƙashi ne. Tana zaune a ɗaki cikin bargo, ido ɗaya a rufe da auduga, tana zagin burodinsu. Mahaifinta mai magani ne a ƙauyenmu, don haka babu ganyen da ba ta san aikinsa ba, ko kuma haka take cewa, kuma ba mai musa mata.

Madam, matar Oga, ta yi zama a Ingila. Can ta ga wannan ado, ta ce bana sai ta yi nata da ganye na gaske. Direban gidan Bahaushen Sudan ne, yana da dangi wajen Aswan, shi ya sa aka aiko da ganyen a buhu. Da aka zazzage a teburin kicin ban san shi ba. Ganye ne mai kauri, mai saurin karyewa, da wari kamar ɗanyen magani.

Ni Madam ta kira in taya ta, don yatsuna ƙanana ne. Ta ɗauko babban dankalin turawa, ta soka masa waya ta tsakiya, ta lanƙwasa ƙarshen don kada ya zame. Ta ce ruwan dankalin ne zai hana ganyen bushewa. Ni ke huda shi da ƙusa, in fiƙe gindin reshe, in cusa. Daga ƙasa ake farawa ana juyawa, kuma ba a barin gurbin da za a hango dankalin. Namu ba shi da fararen 'ya'ya irin na Turawa, sai ta ɗinka masa fararen duwatsun ado da ta saya a Ataba, ta ɗaura jan ƙyalle a sama. Yatsuna duk danƙo. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗin aikin, kuma matar ba muguwa ba ce. Har cakulan ta ba ni. Aka rataye abin a saman ƙofar da ta haɗa kicin da falo, inda babana ke wucewa da abinci.

Da yamma kakata ta lallaɓo ta yi wa Madam godiya kan motar da aka ba ta zuwa asibiti. Ta ɗaga idonta mai gani, ta tsaya cak. Madam ta yi ƙuruciya a Kaduna, tana jin Hausa kaɗan, sai ta ce cikin dariya, "Mama, kin ga ado? Duk namijin da ya tsaya a ƙarƙashi, mace za ta sumbace shi."

Kakata ta ce, "Madalla." Ta juya.

A ɗakinmu ta sa aka kira babana. Ta ce wannan kauci ne, kaucin bagaruwa, wanda ke fitowa a jikin wata bishiya ya sha ruwanta, kuma ba a wasa da shi. Babana ya ce, "Inna, ado ne kawai, al'adar Turawa ce."

"Turawan ba su da bokaye? An soke dankali, an ɗaura ja, an rataye a ƙofar da kai kaɗai ke bi. Ita da bakinta ta faɗi aikinsa. Me ya rage, sai ta rubuta sunanka?"

Innata ta fara roƙo, kakata ta ɗaga mata hannu. Ta dubi babana ta ce, "In ka bi ta ƙarƙashin abin nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Za ka ce, ai sai ya gaya wa Madam ta matsar da shi. Ni ma na sha faɗin haka. To amma da wane baki za ka ce wa matar ogan ka, uwata ta ce kina neman mallake ni? Sai ya koma dabara. Yana miƙa wa 'yar aikin gidan faranti daga cikin kicin, ita ta shigar. Ni kuma kullum sai na leƙa ta taga in ga ko dankalin ya ruɓe ya faɗo. Har addu'a na yi. Ko ganye ɗaya bai faɗi ba, don na cusa su da kyau. Abinci ya daina shiga cikina. Innata ta rame a 'yan kwanakin nan, idonta kullum a kan babban gida.

Ranar Kirsimeti 'yar aikin ta tafi wajen danginta, ga baƙi cike da falo don cin abincin rana. An tashi da yayyafi, abin da ba kasafai ake gani a garin nan ba. Ina kicin ina wanke kofuna. Babana cikin farin kayan aikinsa zai ɗauki tire ya fita ta ƙofar baya, ya zagaye gidan ta lambu, ya shigo ta ƙofar gaba. Miya ta huce. Takalminsa ya fara barin laka a kan kafet. Madam tana kallonsa, ba ta gane ba.

Da aka zo kan talotalo, Oga ya taso ya tsaya a bakin ƙofar kicin, ƙwallon na lilo a saman kansa. Ya ce, "Me ke damunka ne? Ga hanya. Yalla, maza biyo nan." Wani baƙo ya ce ai tsoro yake ji kada a sumbace shi, falo ya ɗauki dariya. Tsakanin babana da falon taku kaɗan ne. Ina kallon tiren a hannunsa, man naman na gangarawa gefe. A zuciyata ina cewa, wuce mana Baba, Kaka tana ɗaki, ba ta gani.

Ya ce, "Ma'alish, a yi haƙuri, ranka ya daɗe." Ya juya ya fita ta baya.

Lokacin da ya shigo ta gaba da ruwa a kafaɗa, ba mai dariya. Daga baya direban ne ya bayyana wa Oga abin da kauci yake a wurinmu, wai don ya wanke babana. Abin ya ƙara lalacewa. Oga ya ce a gidansa ake zargin matarsa da asiri? Madam ta yi kuka, ta cire abin da hannunta ta jefa a shara. Bayan sabuwar shekara aka ce mu kwashe kayanmu.

Kakata ta koma gida idonta garau, tana gaya wa kowa yadda ta ceto ɗanta daga hannun wata mata a Masar. Da wannan farin cikin ta rasu. Babana ya koma dafa wa ɗalibai tuwo a unguwar Darrasa, muna ɓoye-ɓoye saboda takarda. Ni kuma karatu ya tsaya inda ya tsaya. 'Ya'yan Oga na ji an ce likita ne da lauya. Ni ga ni da kwali a kafaɗa.

Da ya tsufa, a ɗakinmu na unguwar Abbasiya, na kasa haƙuri na tambaye shi. Na ce, "Baba, ka san fa ba asiri ba ne." Ya ce ya sani tun ranar farko. Na ce, to me ya sa ka kashe mu? Ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya ce, "Ita Inna ba ta sani ba."

Har yau ban yanke ba ko mutumin kirki ne ko wawa. Ɗana na fari, wanda aka haifa a nan, in na hana shi abu sai ya ce "khalas, Baba", wato shi ke nan, yana danna waya, ya je ya yi. Ba na jin akwai maganar da zan faɗa da za ta sa shi zagaye gida cikin ruwa. Wani lokaci wannan yana ƙona min rai, in kwana ina tunanin wa zai tsaya mini in na tsufa a ƙasar mutane. Wani lokaci kuma in ce gara haka. Shi dai yana makaranta, kuma ko mene ne na gani a rataye a kan hanyarsa, bakina a rufe yake.