Mang, Wanda Ke Ba Mu Amo

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1997, Allah ya yi wa Mang Dung rasuwa a nan New York. Ya fito daga gidansa a Park Hill, can tsibirin Staten Island, da safe, ya hau bas ɗin da ke kai mutane bakin jirgin ruwa, ya jingina kansa da taga. Da aka iso kowa ya sauka, ban da shi. Likita ya ce zuciya ce. Matarsa Keziya ta bugo mini waya ina wurin aiki a ɗakin gwajin jini, na ce mata to, na ajiye wayar, na ƙarasa abin da ke hannuna. Har yau ban yi kuka ba. Ina ci, ina sha, ina zuwa aiki, masu yi mini gaisuwa ina amsa musu, amma ji nake kamar wani ne ke amsawa da bakina.

Ni ne Haruna, mai jita da waƙa a ƙungiyar 'Yan Ƙasan Bene. Waɗanda suka yi zamani a Bronx a ƙarshen shekarun tamanin za su tuna da mu, mu uku masu kiɗan rok da Hausa: ni, da Braimah ɗan zangon Kumasi a kan ganguna, da Mang riƙe da bes, wato jitar nan mai kauri da ke gurnani a ƙarƙashin sauran kaya. Sunana mutane suka fi sani, don ni ke gaba da baki buɗe. Ƙungiyar kuwa ta Mang ce.

Mang, kai ka tara mu. Mun san juna tun muna samari muna kiɗa a otal-otal na Jos, sannan kowa ya kama gabansa. Na iso ƙasar nan na rantse na gama da jita, sai ga ka a bakin wani shagon 'yan Ghana a Concourse Village da ledar gari a hannu. Ba ka tambaye ni aiki ko iyali ba. Ka kama hannuna na hagu ka duba kan yatsuna, ka ce sun yi laushi kamar na akawu, in zo ranar Asabar.

Lokacin kana taimakon mai kula da wani dogon gini a University Heights, makullin ɗakin ƙasa yana hannunka. Can muka riƙa haɗuwa, tsakanin tsofaffin katifu da kekunan yara. A kusurwar ɗakin akwai boila, ƙatuwar tukunyar ƙarfen da ke ɗumama ginin duka, kuma ba ta taɓa yin shiru. Wani gunji take yi mai kauri, ba hawa ba sauka. Ranar farko duk abin da muka buga sai ya yi karo da ita, kiɗan ya fito a hargitse. Braimah ya ce a kashe ta. Ka ce idan aka kashe ta akwai tsofaffi da jarirai a sama da za su kwana da sanyi, kuma ita ta riga mu zuwa ɗakin. Ka tsuguna kusa da ita, ka kasa kunne, ka riƙa sassauta babbar tsirkiyarka har muryarsu ta zama ɗaya. Sannan ka ɗaga kai ka ce in ɗauki amo daga wurinka.

Daga ranar haka muka yi aiki. Amonmu ya sauka kaɗan daga na kowa, ya faɗa tsakanin maɓallan fiyano biyu, inda babu mai zama. Idan muka je wasa a wani wuri, boilar tana maƙogwaronka. Kafin mu fara sai ka rufe baki ka yi gunjin a hanci, ka gyara tsirkiya, ka kaɗa ta sau ɗaya, ni in saita tawa, Braimah ya ɗaure fatar gangarsa. Na taɓa sayo ɗan akwatin nan mai allura da makaɗa ke saiti da shi, ina ta alfahari. Ka yi godiya sosai, ka karɓa, mako na gaba na tarar da shi a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke gurgunta.

Daga 1988 zuwa 1991 ban san abin da ya same mu ba. Waƙa zuwa take yi kamar an buɗe famfo. Ba ka taɓa rubuta baiti ko ɗaya ba, muryarka kuwa ko a coci Keziya kan taɓa ka ka rage ta, amma kowace waƙa daga hannunka ta faro. Za ka zo da 'yar tafiyar bes, ka yi ta maimaita ta kana kallon bango, Braimah ya shiga, ni kuma in tsinci kalmomi a kai. A cikin tafiyar nan taka akwai kiɗan gida na tsaunukan Filato, ka lulluɓe shi da ƙarar rok har Turawa suna rawa ba su san ta garinku suke yi ba. Haka muka yi faifanmu ɗaya tilo, kuma haka aka haifi "Tashar Bukuru", wadda direbobin tasi suka riƙa sakawa har kaset ɗin ya gaji. Na sha ganin ƙato da gemunsa ya tsaya a bayan zaure yana share ido idan ka fara ta.

Ba kiɗa kaɗai za a tuna ka da shi ba. Baƙi nawa suka sauka daga jirgi ba su da wurin kwana, ka shimfiɗa musu katifa kusa da boilar nan har suka samu ɗaki? Duk gidan mutanenmu da bututun ɗumi ya lalace, kai ake kira, ka je da sifana a aljihu, ka gyara, ka ci tuwo, ka tafi. Da azumi kai ke ɗaukar wa Braimah gangunansa zuwa mota, kana yi masa tsiya cewa yunwa ta sa yana saurin kiɗa. Kana da taurin kai, wannan kowa ya sani. Idan ka ce waƙa ba ta nuna ba, ko za mu shekara muna roƙo ba za a buga ta a gaban mutane ba.

Ba faɗa ya raba mu ba. 'Ya'ya suka zo, aiki ya yi yawa, ka koma Staten Island, Braimah ya kama tuƙi. Muna cewa za mu haɗu bayan Kirsimeti, sai wata Kirsimetin ta zo.

Da na je gaisuwa, Keziya ta ce, "Haruna, ba na son dogon jawabi a coci. Ku buga masa Tashar Bukuru yadda kuka saba, shi ke nan."

Na ce to. Sai da na koma gida na ɗauko jita na gane ban san amon ba. Shekara da shekaru ina karɓarsa daga hannunka, ban taɓa riƙe shi da kaina ba. Na saka kaset ɗinmu, rediyon ɗaki ta ba ni wani amo, ta mota ta ba ni wani. Na saita irin na kowa na gwada, waƙar ta fito tsaf, amma kamar ta wasu ce muka aro. Washegari ni da Braimah muka tafi tsohon ginin, sabon mai kula da shi ya buɗe mana ɗakin ƙasa. An cire boilar. Wata 'yar fara ce a wurin, sumul, ba ta cewa komai. Braimah ya ɗora tafinsa a kanta ya daɗe, sannan ya ce da Hausarsa ta Kumasi, "Chale, wannan bai san mu ba." Muka fito.

Ranar sujadar ban kwana muka jingina bes ɗinka a kujera ta hannun hagu, inda kake tsayawa. Fasto ya kira mu. Na rataya jita, Braimah ya zauna da hularsa a bayan ganguna, coci ta yi tsit. Sai na ga ashe mu biyun duk mun juya hagu muna jira. Na san babu mai kaɗawa, amma wuyana ya ƙi juyowa, hannuna ya ƙi motsi. Mutane suka fara gyara zama.

Daga layin gaba na ji amon. Keziya ce, bakinta a rufe, idonta a kan akwatin gawarka, tana gunjin nan a hanci. Shi ne, ba ƙari ba ragi. Ta riƙe shi har na sassauta tsirkiyata ta sauka ta same ta, Braimah ya ɗaure fatarsa, muka buga maka waƙarka. Bayan an tashi ta ce mini da wannan gunjin kake wanka, da shi kake wanke kwanuka, da shi ka yi renon 'yarku Aminci, kuma ta sha roƙonka ka bar mata kunne ta huta.

Na dawo gida na jingina jitar a bango yadda take, ban taɓa maɗaurinta ba. Jibi za a tafi da kai Jos, Keziya za ta raka ka.

Ubangiji ya karɓe ka, Mang, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa ta har abada a wurinsa. Ya saka maka ɗumin da ka ba baƙi. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka Aminci, Allah ya raya ta ya zama uba gare ta, da mahaifiyarka da 'yan'uwanka a gida, da ɗan'uwana Braimah, da dukan jama'armu na Bronx da Park Hill. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa mu gama lafiya.

Ke kuma Maman Aminci, Allah ya ƙarfafa ki, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Idan kin dawo zan haye ruwa in sake yi miki gaisuwa. Zan zo da jitar, don tun jiya na ji amonta ya fara sauka.