Soron Inna da Rufin Cocin Sevilla

Ɗalhatu Tanimu yana da shekara arba'in da bakwai, kuma direba ne a gidan wani dattijo ɗan Katar a unguwar Gharrafa. Shi ne babba a ɗakinsu. A cikin birnin Zariya aka haife shi, a gidan magina: kakansa magini ne, mahaifinsa ma haka. Ya ɗauki ƙasa a ka yana yaro, ya iya jefa curi sama, amma kafin ya iya jera azara, bulo da siminti sun cinye sana'ar. Sai ya koma tasha ya koyi tuƙi. Ya ja bas tsakanin Zariya da Funtuwa, ya ja motar wani ɗan kasuwa a Kaduna, daga nan ya samu hanyar Doha.

Aikinsa ba shi da yawa. Dattijon, wanda kowa a gidan ke kira Yuba, wato Baba, gwiwoyinsa sun gaji. Ɗalhatu ke kai shi asibiti da masallaci da majalisar abokansa a Wakra, shi ke riƙe masa hannu a bakin mota. Ranar Juma'a da yamma yakan hau jirgin ƙasa zuwa Mansura, inda 'yan gida ke haɗuwa su ci tuwo.

Bana, tun kafin azumi, magana ɗaya ce ta hana wayarsa hutawa: soron da mahaifinsu ya gina, wanda mahaifiyarsu, Inna Haulatu, ke kwana a ciki. Damina biyu ke nan yana yoyo ta kusurwar gabas. Ƙaninsa Shamsu, wanda ke zaune a gidan, ya ce a sauke rufin ƙasar a buga kwano kafin ruwa ya sauka. Inna ta ce ita ba ta kwana a ƙarƙashin kwano, da rana gashi, da ruwa ganga. 'Yan'uwa suka ce sai abin da babban wa ya faɗa.

"Yaya, e ko a'a kawai," Shamsu yakan ce. "Hadari ba zai jira ka gama tunani ba."

Ɗalhatu yakan buɗe hotunan da aka turo masa, ya buɗa su da yatsu biyu, ya rufe. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Bayan ƙaramar Sallah iyalan gidan suka tafi Sifen, suka tafi da shi saboda Yuba ba ya yarda da hannun kowa. Suka sauka a Sevilla, garin da Ɗalhatu ya sani ta ƙwallo kawai, Yuba kuma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai na Larabci, Ishbiliya. A tsakiyar garin akwai wani ƙaton coci na dutse da ya haura shekara ɗari biyar, an gina shi a inda masallaci yake a da. Hasumiyar masallacin tana nan, ƙararrawa a samanta. Ana hawa rufinsa rukuni-rukuni, da mai jagora. Ɗan Yuba ya saya wa tsohon tikiti bai tambaya ba, sai a bakin ƙofa aka ce matakalar ƙunci gare ta, tana murɗewa kamar katantanwa. Yuba ya leƙa, ya miƙa wa Ɗalhatu takardar.

"Yalla, hau ka gano mini."

"Coci ne fa, Yuba."

"Dutse za ka kalla. Wa ya ce ka yi musu limanci?"

Ya bi bayan mutum goma sha wani abu, Turawa da 'yan Asiya. Da haske ya fara bayyana a saman matakalar, kansa na shirin fita sarari, sai ya ji muryarsa ta tashi da kanta:

"Gafara dai masu gida, za a hau sama!"

Matakalar ta amsa. Matar da ke gabansa ta dafe bango, mai jagorar, wata 'yar siririya mai tabarau, ta dawo da sauri tana tambaya ko wani ya faɗi. Da guntun Turancinsa ya yi mata bayani: a garinsu namiji ba ya hawa rufi sai ya ɗaga murya, domin daga sama ana ganin tsakar gidan maƙwabta, mata su samu su kimtsa. Tun yana ɗan shekara bakwai shi ke yi wa mahaifinsa wannan kira. Mai jagorar ta fassara wa sauran, aka yi dariya, wani dattijo Bajamushe ya roƙi ya maimaita don ya ɗauka a waya. Ɗalhatu ya ƙi.

Sauran sun tafi gefen da ake hango gari. Shi ƙasa ya kalla. Rufin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, tudu-tudu ne kamar an kife manyan ƙore, kowane tudu bayan wani baka ne na cikin ginin. Akwai tsinaye a jere da suka tuna masa zanko. Akwai zanen da magina suka karta a daɓen, girman abin da za su sassaƙa. Amma hanyar ruwa ce ta tsayar da shi. Ya bi ta da ido daga kan tudu zuwa kwari, daga kwari ta bi bayan wani dogon baka, har ta fita ta bakin wata dabbar dutse.

"Indararo ne," in ji shi, "sai dai an yi masa haƙora."

Ya tambayi mai jagorar ko rufin yana yoyo. Ta ce ba yoyo ba ma, tsakiyarsa ta taɓa ruftawa sau biyu, na farko 'yan shekaru bayan gama ginin, na biyu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ya tambaya me ke hana na uku. Ta ce ba ta yi masa alkawari ba, amma akwai masu hawowa a kai a kai su duba, su share hanyar ruwa.

A nan ya tuna cewa duk hotunan Shamsu daga cikin ɗaki aka ɗauke su. Ya kuma tuna dalili. Shekarun baya Shamsu ya hau soron gyaran eriya bai yi gafara ba, iyalin maƙwabcinsu Malam Mudasiru suna tsakar gida. Maganar ta kai gaban mai unguwa. Tun daga ranar ba wanda ya sake jingina tsani a bangon nan, har yaɓen shekara-shekara aka daina.

Da suka dawo Doha bai kira Shamsu ba, Malam Mudasiru ya kira. Suka gaisa, ya tambayi iyali, ya ba da haƙurin abin da ya wuce, ya nemi izini. Malam ya ce ai tuntuni ya huce, ba wanda ya zo ya tambaya ne.

Ranar Asabar da hantsi, yana cikin mota a ƙofar asibiti yana jiran Yuba, Shamsu ya hau soron da waya a hannu, Ɗalhatu yana kallo ta bidiyo yana ba shi umarni.

"Matsa gabas. A'a, gabas, kai ko alƙibla ba ka sani ba?"

"Yaya, in na faɗo kai za ka riƙe min 'ya'ya."

"Sunkuya. Mene ne wancan kore?"

Ɗan bishiyar ceɗiya ne ya tsiro a bakin indararo, ya kai gwiwa, saiwarsa ta toshe hanyar ta shige cikin ƙasa. A bayansa rufin ya lotsa kamar faɗin tabarma. Ɗalhatu ya sa shi ya taka sauran wuraren da dunduniya, yana sauraren ƙarar. Kusurwa uku suka amsa da ƙarfi. Ta huɗun ya ce kada ya kusance ta.

"To, kwano ke nan?" in ji Shamsu.

"Ba kwano. Amma yau ɗin nan Inna ta koma ɗakinka, ko ta yi faɗa. Azara uku ko huɗu ne suka ruɓe. Ka nemo tsohon maginin nan da ya yi aiki da Babanmu, ka ce ina zuwa."

Inna ta yi faɗan, ta kuma koma. Shekaranjiya, a hanyar Wakra, Ɗalhatu ya roƙi Yuba hutun mako uku. Tsohon ya ce wa zai riƙe masa hannu, ya yi ta mita har suka iso, sannan ya ce khalas, wato shi ke nan, Ɗalhatu ya tafi, amma ya turo masa hoton rufin daga sama. Jiya da yamma Ɗalhatu ya je Mansura ya yanki tikitin Kano.