Dorina, Giwa da Kanwar Gaɓa

A Kakangi na tashi, a hannun kakata Iya Lami. Bayan tuwon dare takan hura wuta a gindin rumbu, ta binne rogo a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Akwai daren da ban manta ba. Garinmu ya samu saɓani da wani babban gari na ƙetaren rafi a kan fadama, babanmu ya sauko da kwari da baka ya fita. Rogo ya nuna, ba wanda ya taɓa. Iya ta dube ni ta ce, "Angona, daina leƙen ƙofa. Matso, ga wata tatsuniya nan tafe."

Ta ce Dorina ce mai kogi, Giwa ce mai daji. Kowane rani Giwa takan sauko gaɓa da 'ya'yanta. Dorina ta ɗauka gurbinta ake so, sai ta tara kadoji. Giwa ta ga kadoji, ta kira torayen giwaye. Kwaɗi kuwa sai mutuwa suke a ƙarƙashin ƙafafu. Kunkuru ya laɓe a ciyawa ya yi ta kallo, ya ga Giwa ko ruwan ba ta kula ba, kanwar gaɓa 'ya'yanta ke lasa. Ya kai wa Dorina labari. Dorina ta ce in ta bar wa Giwa gaɓa yau, wa ya san abin da za a nema gobe?

Nan Iya ta tsaya, kunnenta na waje. Na tambaye ta ko Giwa mutuniyar kirki ce.

"Wa ya gaya maka? Muguwa ce. Amma muguwar ma akwai abin da ya fito da ita daga gida."

Sai muka ji taku a zaure. Babanmu ne, ya dawo lafiya. Tatsuniyar ba ta ƙarasu ba.

Yau da furfurata nake zuwa ajin yaƙi da jahilci a Birnin Gwari, inda muka gudo. Malaminmu yakan karanta mana labarin manyan ƙasashen duniya, kowace tana tara makamai don ta ga ɗayar ta tara. Ni nawa ya fi kusa. Dawata na can Kakangi ta isa yanka, mutanen daji masu bindiga sun tare hanya. Gobe dattawa za su zauna da su, dattawan sun ce in bi su. Mutanen dajin nan su suka kashe ƙanena, kuma ban yafe ba.

Matata ta ce kada in je. Na ce mata ba gaisuwa za ta kai ni ba. Zan tambaye su abin da suke so ne, Allah ya ba ni juriyar zama har in ji amsar.