Farar Shuka a Fadamar Zauro

Labbo manomin shinkafa ne a Zauro, mai ƙwazo, amma Allah Ya yi shi da jin rabin magana. Kana tsakiyar zance zai kakkaɓe riga ya tashi. Abin da yake taƙama da shi irin wata jar shinkafa ce da ya gada, wadda kowa ya daina shukawa. Ambaliya ta cinye masa sai kwano biyu.

Yakan zauna a shagon taki na Malam Opeyemi, tsohon malamin kimiyya a unguwar Nasarawa. Ran nan Malam yake cewa aiki biyu ganye ke yi: na farko na haske, na biyu kuma, inda ake haɗa abincin shuka, tsofaffin littattafai na kiransa aikin duhu. Labbo ya ji "abinci", ya ji "duhu", ya hau babur.

Ya zuba kwano biyun duka a gadon renon iri, ya kafa sanduna, ya lulluɓe da baƙin tampol. Yakan tura ruwa ta ƙasa, ba ya leƙawa. Bayan mako biyu ya koma ya ɗauko Malam don ya ga ikon Allah.

Rana tsaka suka ɗaga tampol. Tsiron ya yi tsawo fiye da kima, fari fat kamar likkafani, ga wani sanyi da warin rima. Babu iska, amma duk sun karkata wuri guda, suna miƙa kai wajen wata 'yar huda a tampol inda haske ke shiga. Labbo ya ja da baya. Tsoro ya ji, irin na wanda ya buɗe ɗakin da aka kulle mutane a ciki.

"Malam, ba kai kac ce cikin duhu aka abinci ba?"

"Da ka tsaya, Labbo," in ji Malam a hankali. "Na hwarko shi ka kama rana, shi tara ƙarhi shi miƙa ma na biyu kamar cikin kwano. Na biyu shi ɗaure iska ta koma sukari, shi maido kwano. In ba a miƙo ba, mi za ya dahwa?"

Da aka yaye tampol, cikin kwana biyu rana ta ƙone tsiron duka. Labbo ya bi gari gari har Argungu yana cigiyar jar shinkafar ubansa. Tsofaffi kaɗan ne ma suka tuna sunanta.